Mai Zafi Ko Mai Sassauci: Wa Ya Fi Cin Zaɓe?

Wannan shi ne jawabin da na yi a taron matasan tsaginmu ranar Asabar. Na sa shi a nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Makonni ke nan muna ta cacar baki a kan abu ɗaya, a Facebook da majalisun shayi. Wasu na cewa a zaɓen fidda gwani mai zuwa mu tsayar da ɗan ra'ayin sauyi, wanda ba ya tauna magana, talaka ya ji cewa nasa ne. Wasu kuma na cewa a'a, a kawo mai matsakaicin ra'ayi, wanda 'yan kasuwa da malamai da masu sarauta ba za su tsorata da shi ba. Har ta kai ana kiran juna 'yan amshin shata da 'yan tayar da zaune tsaye. Ni kun san inda zuciyata take. Kakana ɗan NEPU ne, a gidanmu da labarin Sawaba aka raine mu. Amma yau ba da zuciya zan yi magana ba, da lissafi zan yi, kuma lissafin a tarihin gidanmu yake.

Mu fara da 1979. A shekarar PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar da ba ta ɓoye aƙidarta ba, ta ci gwamna a jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Ku tuna fa, Kano ta lokacin har da Jigawa, Kaduna kuma har da Katsina. Suna hawa suka soke haraji da jangali. Saboda haka duk wanda ya ce muku mai zafi ba ya cin zaɓe, ku ce masa ya koma ya karanta tarihi.

To amma a wannan shekarar dai, Malam da kansa ya nemi shugabancin ƙasa, ya samu ƙuri'a wajen miliyan 1.7, ya zo na huɗu. Alhaji Shehu Shagari na NPN, jam'iyyar da ta tara kowa da kowa, ya samu sama da miliyan 5.6 ya ci. Jam'iyya ɗaya, aƙida ɗaya, shekara ɗaya: ta ci jiha, ta faɗi ƙasa. Me ya bambanta? Faɗin filin. A Kano talaka ya san abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, ya san wanda ya sha ɗauri dominsa. Kana fita daga Kano da Kaduna, saƙon ba ya tashi da irin wannan ƙarfin.

Kuma dokar ƙasa da kanta haka ta tsara. Ba ka zama shugaban ƙasa da yawan ƙuri'a kaɗai, sai ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24 a yau. Gwamna ma sai ya samu wannan kaso a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiharsa. Ma'ana, masoyanka na haƙiƙa ba su isa ba. Kana bukatar mutanen da ba sa sonka sosai amma kuma ba sa tsoronka.

Ku dubi Janar Buhari. Sau uku yana faɗuwa, 2003 da 2007 da 2011. A 2011 ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12, kusan duk daga Arewa. Soyayya kam babu irin wadda ba a nuna masa ba, amma ba ta kai shi ba. Sai da aka haɗa APC a 2013, CPC da ACN da ANPP suka narke wuri ɗaya, wasu gwamnonin PDP suka shigo, sannan ya samu miliyan 15.4 a 2015. Mutumin bai canja ba, rumfar ce aka faɗaɗa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma a nan nake so matasa ku buɗe kunne. Cin zaɓe daban, riƙe mulki daban. Balarabe Musa ya kayar da Lawal Kaita a 1979, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokokin Kaduna. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi mulki babu majalisar zartarwa, ranar 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. A 1983 Lawal Kaita ɗin nan da aka kayar shi ya hau kujerar. Mun yi ta murnar gwamna, an bar kujerun majalisa a hannun wasu. Wa ya tsaya ya tambaya su wa PRP ta tsayar a waɗancan mazaɓun, kuma ko za su iya ci a can?

A Kano kuwa ba abokin hamayya ne ya fara yi wa PRP illa ba, cikin gida ne. Aka rabu Santsi da Taɓo, Rimi da mutanensa gefe guda, masu biyayya ga Malam gefe guda. Malam ya rasu a Afrilun 1983. Rimi ya koma NPP ya yi takara, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Mutanen da suka yi gwagwarmaya tare suka ƙare suna jifan juna. Wallahi idan na karanta abin da muke rubuta wa junanmu kwanan nan, wannan tarihin nake tunowa.

Wasu daga cikinku sun turo min labarin Zohran Mamdani, matashin nan Musulmi da ya ci magajin garin New York a Amurka da alƙawarin bas kyauta da dakatar da ƙarin kuɗin haya. Suka ce ga hujja. Na yarda, hujja ce. Amma a ranar da ya ci, 4 ga Nuwamba 2025, a jam'iyyarsu ɗaya ta Dimokurat, Abigail Spanberger mai matsakaicin ra'ayi ta ci gwamnan Bajiniya, ta karɓe kujerar daga hannun 'yan Rifablikan. New York gidan jam'iyyarsu ne, Bajiniya kuwa jiha ce da ake kai ruwa rana. Kowanne an sa shi inda zai iya. Kuma duk su biyun a kan tsadar rayuwa suka gina kamfen ɗinsu.

Ni ma na ɗanɗana wannan. A zaɓen da ya wuce ni ne ejan a wata akwati a bayan gari. Ɗan takararmu idan ya kama lasifika a cikin gari sai ka ga mutane suna kuka. A akwatin da na tsaya, ko na biyu bai zo ba. Da yamma wani dattijo ya ce min, "Yaro, mutuminku yana da gaskiya, amma bai taɓa zuwa ya gaishe mu ba, kuma a bakinsa kowa ɓarawo ne." Ban samu amsar da zan ba shi ba.

Saboda haka idan aka tambaye ni wa ya fi cin zaɓe, sai in ce a faɗa min kujerar tukuna. A mazaɓar da tamu ce, inda matsalarmu ita ce magoya baya su fito ranar zaɓe, mu tsayar da mai zafi, domin shi ke tayar da wanda ya fid da rai. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ko kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba su fito ba, kun ga akwai jama'a a gida. A mazaɓar da ake kankankan kuwa, da kujera mai faɗi irin ta sanata da gwamna, muna bukatar wanda zai iya shiga zauren da ba namu ba a ba shi tabarma. Sassauci a baki ba ya nufin sayar da aƙida. Wanda zai yi makaranta da asibiti da taki cikin ruwan sanyi ya fi min wanda zai yi ihu ya faɗi.

Ina roƙon abu uku. Kowane shugaban matasa na mazaɓa ya kawo mana sakamakon akwati-akwati na zaɓuka biyu da suka wuce kafin taronmu na gaba, mu daina yanke hukunci da yawan masu danna mana so a waya. Na biyu, mu kula da kujerun majalisar jiha kamar yadda muke kula da ta gwamna. Na uku, duk mai neman tikiti a tsaginmu ya tsaya gaban jama'a ya yi alƙawarin cewa idan bai samu ba zai yi wa wanda ya samu aiki, babu zagon ƙasa. Ni zan fara sa hannu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kanmu, Ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka.