Haƙuri Ma Aiki Ne: Jawabin Wata 'Yar'uwarmu a Taron Cikar Ƙungiya Shekara 10



Hajiya Shugaba, sakatariya da ma'aji, iyayenmu da ke zaune a gaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, da 'yan'uwana mata 'yan kasuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Yadda muka ga goma, Allah Ya nuna mana ashirin. Waɗanda muka fara zubi tare da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su da rahama.

An ce in yi magana a kan yadda mace za ta riƙe zuciyarta bayan doguwar jinya da karayar jari. Na amsa ne domin na san da wuya a samu wadda ke zaune a nan da ba ta ɗanɗani ɗaya cikin biyun ba. Takardar nan da ke hannuna ni na rubuta ta da kaina, dare huɗu ina yi. In kun ji na ɗan tsaya a wata kalma, ku jira ni, zan ƙaraso.

Maganata guda ɗaya ce. Idan abu ya samu mutum, kowa ya zo cewa yake, "Ki yi haƙuri." Kuma gaskiya suka faɗa. To amma da yawanmu mun ɗauka haƙuri shi ne a rufe ƙofa a yi tagumi. Ni abin da na gani, haƙuri aiki ne da ake tashi a yi shi kullum da safe, kamar shara. Kuma aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Galibinku kun san a 2022 na kwanta. Wasu an ce musu shawara ce, wasu an ce musu sammu. Yau zan faɗi sunansa a gaban kowa: tarin fuka ne, wanda a asibiti suke ce wa tibi. Ya fara da tari da ba ya jin magani, sai zazzaɓin yamma, sai gumin dare har zane ya jiƙe, sai rama. Da aka gwada kakina a asibiti aka ce shi ne. Na faɗi sunan ne saboda ɓoye shi yana kashe mutane, kuma akwai abubuwan da nake so kowacce ta tafi da su gida.

Duk tarin da ya kai mako 2 bai tafi ba, a je a gwada. Gwajin kakin da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashensa. Ana warkewa. Ga ni tsaye a gabanku. Ta iska ake ɗaukarsa, in mai shi ya yi tari ko atishawa a wurin da iska ba ta wucewa. Ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta gaisawa. Don haka buɗe taga ya fi ware wa mara lafiya kwanonta amfani. Kuma a kai mutanen gida a duba su, musamman ƙananan yara, domin akwai maganin kariya da ake ba su.

Maganin wata 6 ake sha, kullum, ba fashi. Wata 2 na farko shi ne mai ƙarfi, sannan a canja miki na wata 4. Fitsari yakan koma ja-ja kamar an zuba manja, ma'aikatan sun gaya min tun farko kada in tsorata, aikin maganin ne. Inda jarrabawar take shi ne, kafin a yi nisa za ki ji sauƙi. Tari ya lafa, abinci ya fara shiga, sai zuciya ta ce ai kin warke, me za ki yi da sauran ƙwayoyin? Nan ne mutane suke faɗuwa. Wadda ta ajiye magani a tsakiya, ciwon yana iya dawowa da ƙarfin da maganin farko ba zai iya da shi ba, sai an shiga wani mai tsawo da wahala. Kun ga haƙuri na farko ke nan: ki haɗiye ƙwaya a ranar da kike jin garau, kamar yadda kika haɗiye a ranar da kike kwance.

Akwai katin da suke bayarwa, kullum ki sha magani a yi alama a gidan ranar. Kafin in kwanta na yi shekara ɗaya a ajin yaƙi da jahilci, na iya lambobi da sunayen watanni. Wallahi 'yan'uwa, katin nan ya zama min abokin hira. Idan dare ya yi tsawo, zuciya tana kawo min yara, tana kawo min rumfa, sai in ɗauko shi in ƙirga. Ba na ƙirga abin da ya rage, wanda na wuce nake ƙirgawa. Kwana 40 sun tafi. Kwana 90 sun tafi. Duk zuwa asibiti sai an ɗora ni a sikeli, in rubuta nauyina a bayan littafina. Ranar da na ga lambar ta ƙaru da kilo 1, na yi murna kamar an biya ni tsohon bashi. Mai jinya tana bukatar abin da za ta gani da idonta cewa ana ci gaba, komai ƙanƙantarsa. In ba ta da shi, zuciya ce za ta riƙa yi mata lissafi, ita kuwa zuciyar mara lafiya ba ta iya lissafi ba.

Kada wata ta ce don na tsaya a nan ina magana ban yi kuka ba. Na yi, ba sau ɗaya ba. Kuka ba ya ɓata imani. Annabi Ayyuba, alaihis salam, da ake misali da haƙurinsa, ai ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Abin da ke cinye mutum shi ne ya yanke ƙauna, ya ce shi tasa ta ƙare. Ki yi kukanki ki share, ki yi alwala, gari ya waye ki sha maganinki.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne yadda mutane suke ja da baya. Makon farko gida cike da 'yan dubiya. Da labari ya fita cewa tari ne, sai ƙafa ta ɗauke. Ban riƙe kowa a zuciya ba, tsoro ne da rashin sani. Amma ina so ku san abin da ya riƙe ni. Mata uku daga ƙungiyar nan, ba zan faɗi sunansu ba don sun hana ni, suka raba kwanaki a tsakaninsu. Wannan ta zo Litinin, wannan Laraba, wannan Asabar. Mu zauna a tsakar gida inda iska take. Ba sa zuwa da dogon wa'azi, kuma ba sa ba ni labarin wance da irin wannan ciwo ya kashe. Labarin kasuwa suke kawo min: wake ya tashi, kuka ta sauka, mai shayin bakin layinmu ya yi aure. Ɗaya takan ce, "Yaya, nawa kike ganin za mu saki daddawar nan?" Ta san farashin sarai. So take in ji har yanzu ana bukatar kaina. Duk wadda za ta je dubiya, ta koyi wannan.

Yanzu maganar jari. Sana'ata kun san ta: wake, gyaɗa, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa da barkono. Daga Dawanau nake saro hatsin. Magani kyauta ne, amma kuɗin mota ba kyauta ba ne, abinci mai gina jiki ba kyauta ba ne, yara kuma ba sa daina ci don uwarsu ta kwanta. Ciwo ba ya cin jari rana ɗaya. Kwano-kwano yake ɗiba, yau a sayar da wannan a yi cefane, gobe wancan, har ki waiwaya ki ga buhu a kwance. Kafin in miƙe, abin da ya rage min bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na kwanta da shi ba.

Wannan ɗan ragowar ma abu biyu ne suka tsare shi. Na farko, littafi. Duk wanda nake bi bashi sunansa yana rubuce da kwanan wata. 'Yata ta ɗauki littafin ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mafi yawa suka biya. Bashin da ke cikin kai, in mai kan ta kwanta shi ma ya kwanta. Wanda ke takarda kuwa yana nan a tsaye. Na biyu, maƙwabciyar rumfata ta riƙe min wurina. Takan baza ɗan kayana kusa da nata, ta sayar, ta rubuta, ranar Juma'a ta aiko. Da wurin ya zauna a rufe wata 6, da masu sayena sun saba da wata ƙofar.

Da na dawo kasuwa, na dawo ne da rabin buhun wake da ƙullin kayan miya a faranti. Ni da nake sauke buhu biyar. Akwai masu kallo, akwai masu cewa, "Ayya, wance ce haka?" Nan ma wurin haƙuri ne, domin kunya tana hana mace komawa ƙasa ta faro. Sai ta je ta ciwo bashin da ya fi ƙarfinta don a ce ta dawo da ƙarfi, bashin ya zama ciwo na biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Jikin da ya tashi daga jinya ba a ɗora masa kayan da, haka ma jari. Na sa wa kaina doka: uwar kuɗi ba a taɓa ta, daga riba ake ci, kuma ko ribar naira 500 ce sai na cire wani abu na mayar cikin kaya.

Ban gama tsayawa da ƙafata ba sai ga 2023. Kun tuna farkon shekarar, da aka canja takardun 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace a hannun mutane. Mai saye yana tsaye, kaya suna gabansa, ba abin biya. A lokacin ne karatun nan ya sake yi min rana, don ina iya duba waya in karanta ko taransifa ta shigo ko ba ta shigo ba, ba sai na nemi yaro ya duba min ba. Muna fita daga wannan, ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin man fetur. Kuɗin dakon kaya daga Dawanau ya tashi, komai ya bi shi. Sai muka haɗu mu huɗu muna ɗaukar mota ɗaya, muna raba kuɗin. Da ina ni kaɗai, da na sake zama. Abin da na fahimta, masifa ba ta jira ki gama da ta farko kafin ta biyu ta yi sallama. Shi ya sa ba a cewa sai komai ya daidaita zan tashi. Cikin rashin daidaiton ake tashi.

Iyayena da 'yan'uwana, abin da aka yi min alheri ne na mutum uku ko huɗu da Allah Ya sa suka ga dama. To wadda ba ta da irin waɗannan fa? Akwai mambobinmu da suka kwanta, zubi ya wuce su, kunya ta hana su dawowa, muka ce sun fita. Ba fita suka yi ba, faɗuwa suka yi ba wanda ya miƙa hannu. Saboda haka ina roƙon shugabanni su sa abu huɗu a gaban taronmu na wata mai zuwa, a tattauna, a ɗaga hannu.

Na ɗaya, a buɗe asusun jinya daban da adashi da kuɗin rance. Kowacce ta riƙa sa ɗan abin da aka amince a kai duk mako, ko naira 200 ce, a rubuta a littafinsa na kansa, a karanta mana shi duk wata.

Na biyu, mambar da ta kawo shaidar asibiti a dakatar mata da zubi da biyan rance har ta miƙe, ba tara, kuma ba za ta rasa layinta na ɗauka ba.

Na uku, duk wadda ta kwanta a naɗa mata mace biyu: ɗaya ta riƙe mata wurin sana'a da rubutu, ɗaya ta tsara masu dubiya har ƙarshen jinya, ba makon farko kaɗai ba.

Na huɗu, duk wadda ba ta shiga aji ba ta shiga. Na fara riƙe fensir ina da jika. Hannuna yana rawa, yara suna dariya. Yau ni nake karanta takardar asibitina. Ba a makara.

Wadda take cikin jinya yanzu, ko take jinyar miji ko ɗa, ko jarinta ya karye tana murmushi a cikinmu ba mu sani ba, ga saƙona gare ki. Kada ki auna kanki da yadda kike a da, ki auna da jiya. Ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da ita halin da kike ciki. In an miƙo miki hannu ki kama, karɓar taimako ba bara ba ne, bashi ne da za ki biya wata a gaba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya raba mu da bashin da ba za mu iya biya ba, Ya ƙara haɗa kanmu.