Yadda Amurka da Tarayyar Sobiyet Suka Shirya Farar Hula Don Yaƙin Nukiliya



An nemi in yi bayani yau a kan yadda manyan ƙasashe biyu masu gaba da juna, wato Amurka da Tarayyar Sobiyet, suka shirya talakawansu don ranar da bom na nukiliya zai faɗo musu. Zan bar maganar soja da ƙidayar makamai, in mai da hankali ga ɗan makaranta da ma'aikacin masaƙa da matar gida: me hukuma ta ce su yi, me kuma ta ɓoye musu?

Mu fara da Amurka. Tun da ta jefa bom a Hiroshima da Nagasaki cikin watan Agusta na 1945, ita kaɗai ke riƙe da wannan makami, har zuwa ran 29 ga Agusta, 1949, lokacin da Sobiyet ta gwada nata a Kazakistan. Daga nan hankali ya tashi. A ƙarshen 1950 Shugaba Truman ya kafa hukumar kare farar hula, amma Majalisa ta ƙi sakin kuɗin gina maɓuya masu yawa. Da hukumar ta rasa siminti sai ta koma ga wa'azi. A 1952 aka shiga nuna wa 'yan makaranta majigin wani kunkuru wanda ke janye kansa ciki da zarar ya ga hatsari, ana koya musu in sun ga walƙiya su durƙusa ƙarƙashin tebur su rufe ƙeya. Daga 1954 zuwa 1961 kuma kowace shekara akan busa jiniya a birane don atisaye.

Da rikicin Balin ya yi zafi, Shugaba Kennedy ya yi jawabi ran 25 ga Yuli, 1961, ya nemi dala miliyan 207 don a zaɓi ɗakunan ƙarƙashin manyan gine-gine a zuba musu ruwa da biskit. Magidanta kuwa aka ƙarfafa musu gwiwa kowa ya haƙa ramin ɓuya a gidansa da kuɗin aljihunsa. Nan fa gardama ta tashi a jaridu: shin ya halatta mutum ya harbe maƙwabcinsa in ya zo yana buga ƙofar ramin? Har wani limamin Katolika ya rubuta cewa mai gida yana da ikon tsare iyalinsa da ƙarfi. Ku duba inda tsoro ya kai zumunci. A daidai waɗannan shekaru ana gina wa 'yan Majalisa ƙaton maɓuyi a asirce ƙarƙashin wani otal a jihar West Virginia, jama'a ba su sani ba sai da jarida ta tona a 1992.

Tarayyar Sobiyet ta bi wata hanya dabam, domin a can hukuma ce mai komai. Tana da ƙungiyar tsaron birane daga harin sama tun 1932, sannan a 1961 aka sake mata fasali ta game ƙasa duka, aka ɗora Marshal Chuikov, wanda ya tsare Stalingrad a Yaƙin Duniya na Biyu, a kanta. Masana'antu suna da jami'an kare farar hula da maɓuya, halartar darasi kuma tilas ne. Yara sun koyi sa takunkumin hana shaƙar guba a makaranta. An zurfafa tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko, aka sa musu ƙofofin ƙarfe masu kauri. An kuma tsara yadda za a kwashe mutanen birni zuwa ƙauyuka kafin hari.

To, mutanen sun gaskata? Akwai wata barkwanci da ta yaɗu a tsakaninsu. Aka ce, in ka ji jiniya ka lulluɓa da farin mayafi ka rarrafa a hankali zuwa maƙabarta. Don me a hankali? Don kada ka tayar wa jama'a hankali.

Talakan da ya ƙaga wannan zance ya fahimci abin da masana suka sani. Ran 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada bom na haidirojin a tsibirin Bikini, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau dubu, ƙurarsa mai guba kuma ta sauka a kan masuntan Japan da ke can nesa cikin teku. Tebur da ƙeya ba su da abin yi da irin wannan. Gwamnatin Ingila ta sa an yi mata lissafi a 1955, aka ce bom goma irin wannan za su kashe mutum miliyan 12. Sai ta kulle rahoton. A 1980 kuma ta buga wa jama'arta ɗan littafi mai ba da shawarar a jingina ƙyamare a bango a ɓuya ƙarƙashi, abin ya zama abin dariya.

Saboda haka, a ganina, shirin yana da aiki biyu ban da ceton rai. Na farko, ya ba jama'a abin yi don kada tsoro ya juye ya zama tawaye ga makaman da kansu. Na biyu, saƙo ne ga abokin gaba cewa mun shirya, kada ka yi zaton barazana za ta razana mu. Ba na cewa duk aikin banza ne. Wanda ke nesa da inda bom ya faɗi, in ya zauna mako biyu a bayan bango mai kauri, yana iya tsira daga ƙurar. Amma ba a gaya wa na tsakiyar birni gaskiyar matsayinsa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaƙin bai zo ba har Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, amma jarrabawa ta zo ta wata kafa. Ran 26 ga Afrilu, 1986, tashar lantarki ta nukiliya da ke Chernobyl ta fashe. Ƙasar da ta shekara 25 tana atisaye ba ta kwashe mutanen garin Pripyat ba sai bayan kimanin awa 36, ba ta amsa wa duniya ba sai da Suwidin ta gano gubar a iskarta, aka kuma bar yara suka yi maci a Kiev ran 1 ga Mayu. Motoci suna nan, ma'aikata suna nan. Abin da ya yi jinkiri shi ne izinin faɗin gaskiya.

Mu ma iskar ta taɓa kusantarmu. Faransa ta fara gwada bom ɗinta a Reggane cikin Saharar Aljeriya ran 13 ga Fabrairu, 1960, a hamadar da hunturu ke kwaso mana ƙura, abin da ya sa Nijeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

Ku ɗalibai da za ku riƙe ofisoshi gobe, da ku ma'aikata da ke riƙe da su yau, wata rana ambaliya ko annoba za ta sa rahoto marar daɗi ya iso teburinku. Amfanin duk wani shiri da kuka tanada zai rataya ne a kan saurin da kuka sanar da mutane, da kuma ko sun saba jin gaskiya daga bakinku.