Lamunin Mai Sana'a: Lacca ga Ɗaliban Handasa a Khartum

Ya ku shehunan malamai, ya ku 'ya'yana ɗaliban handasa, zan fara da ranar Talata, 3 ga Disamba 2019, ranar da wata tankar gas ta fashe tana cikin sauke kaya a wata masana'antar tayil da ke Mantiƙa Sinaiya, wato unguwar masana'antu ta Bahri, mutum 23 suka riga mu gidan gaskiya, fiye da 130 suka jikkata, cikinsu har da 'yan ƙasar Indiya da neman halali ya ƙetaro da su teku. Sanarwar hukuma ta ambaci illa biyu, wato rashin kayan kariya da jibge abubuwa masu saurin kama wuta ba bisa tsari ba, kuma dukkansu ido na iya ganinsu tun kafin saukar musiba, da a ce akwai wanda aka koya wa dubawa, aka kuma ba shi ikon ya ce a dakata.

Kowanenku ya karanta cewa gas ɗin da ake dakonsa a tanka ruwa ne da aka matse, wanda idan ya sami kafar fita yakan kumbura kusan ninki 250, kuma da yake ya fi iska nauyi ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasa, ya bi kwata da ramuka, har ya iske tartsatsi ko bakin murhu. Wannan ilmi yana cikin littattafanku. Abin da ke damuna shi ne a hardace shi domin jarrabawa, alhali muhallinsa na haƙiƙa shi ne filin sauke kaya, inda ake ɗaura wa tanka wayar da ke zubar da lantarki cikin ƙasa, a auna tazarar da ke tsakaninta da wuta, a tabbata ƙofar gudu a buɗe take.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta haɗa Sudan da ƙasar Hausa, sun daɗe da yin hukuncin lamuntar da masu sana'a abin da ya lalace a hannunsu, domin kiyaye maslahar jama'a. To, idan maɗinki zai biya rigar da ya ɓata, ina ga injiniyan da sa hannunsa ke tsakanin lebura da ajali? Imam Shaɗibi ya lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar na shari'a. Saboda haka a ganina koyon fannin kiyaye haɗari farilla ne a kan kowane ɗalibi, tun daga shekarar farko.

Ina roƙon Jami'ar Khartum da Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, kada su sallami ɗalibi sai ya yi wa wata masana'anta ko gareji a Khartum ko Omdurman ƙididdigar haɗari da hannunsa, ya kuma bayyana ta ga mai walda da yaron shago da harshen da suke ji, Larabcin kasuwa ne ko Hausa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya bar tankokin da suka daɗe ba a duba su ba, da ginshiƙan da wuta ta ci ƙarfinsu, da harsasan da ba su fashe ba, kuma ku ne za a kira ku sa hannu kafin a sake kunna injin.