Lokacin Sabunta Wasan Waya da Matsayinsa a Kasuwar Manhajoji



Kamfanin Apple ya buɗe kasuwarsa ta manhajoji, watau App Store, a watan Yuli na 2008. Google ya bi sawu a watan Oktoba na shekarar da Android Market, wadda aka sake wa suna Google Play a 2012. Kowace kasuwa tana da jerin wasannin da suka fi karɓuwa, kuma wanda ke sama shi ido ke fara gani. Wannan jeri ya fi duban yawan waɗanda suka sauke wasa a 'yan kwanakin nan bisa ga jimlar waɗanda suka sauke shi tun fitowarsa. Saboda haka wasan da aka bari kara zube yakan zame ƙasa sannu a hankali, kuɗin shigarsa ya ragu, albashin masu yinsa ya shiga haɗari. Sabuntawa ita ce ke jawo tsofaffin 'yan wasa su dawo, sababbi su biyo su. Amma ranar da aka zaɓa tana da nauyi ƙwarai, ta fuskoki uku.

Fuska ta farko ita ce ta bukukuwa. Kamfanin Rovio na ƙasar Finlan ya fito da wani reshe na wasansa Angry Birds a watan Oktoba na 2010, daidai da bikin Halowin, daga baya ya riƙa ƙara masa matakai a lokacin Kirsimeti da sauran bukukuwa. Hikimar a fili take: a ranakun hutu mutane ke samun sababbin wayoyi da sukunin yin wasa. Shekaru da yawa Apple yakan rufe ƙofar karɓar sabuntawa na 'yan kwanaki a ƙarshen Disamba, har ya daina a 2021. A wancan zamani, wanda ya makara bai miƙa aikinsa da wuri ba, to, kasuwa mafi ci a shekara ta wuce shi. Da sanyin safiya ake kama fara.

Fuska ta biyu ita ce ta taurarin yabo da 'yan wasa ke bayarwa, daga ɗaya zuwa biyar. Kafin 2017, duk sa'ad da aka sabunta wasa a App Store, sai ƙidayar taurarin sabon zubin ta koma farko. Wannan ya sa masu wasanni suka riƙa jinkirta gyara don gudun asarar yabon da suka tara. A 2017 Apple ya ba su zaɓin riƙe tsofaffin taurarinsu. Google kuwa, a 2019, ya mai da ma'auninsa ya fi ba da nauyi ga ra'ayoyin baya-bayan nan. Ma'anar wannan ita ce, sabuntawa ɗaya mai kyau tana iya wanke tsohon laifi, mummuna ɗaya kuma ta zubar da sunan da aka daɗe ana ginawa.

Fuska ta uku ita ce ta kuskure. Idan aka saki sabon zubi mai tangarɗa a jajibirin hutu, lokacin da ma'aikata suka watse, ƙorafi yakan taru kafin a kai ga gyara, taurari su zube, masu saukewa su ja da baya. Sauri ya haifi nawa ke nan. Maganin da kasuwannin biyu suka tanada shi ne saki kaɗan-kaɗan. A tsarin Apple ana raba sakin cikin kwana 7, a fara da kashi 1 cikin 100 na masu wasan, sannan 2, 5, 10, 20, 50, har a game kowa. In matsala ta ɓullo sai a dakata.

Ɗalibin da ke burin shiga wannan sana'a lalle ne ya san kalandar mutanen da yake yi wa wasa kamar yadda ya san aikin kwamfutarsa. Ya kammala gwaji tun kafin biki ya ƙarato, ya bar wa masu tantancewa kwanakinsu, ya kuma tabbata akwai mai gyara a bakin aiki ranar saki.

Allah ya sa a dace. Wassalam.