Amsoshin Takardunku: Me Ya Kawo Ƙarancin Muhalli a Mafara, Bakura da Maradun?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Talata Mafara. Yana tambaya, wai mutum nawa ne a yankinsu, kuma me ya sa ɗakin haya da fili suke neman gagarar talaka?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Talata Mafara tana da mutum wajen 215,000, Maradun wajen 210,000, Bakura kuwa wajen 187,000. Ka ga jimla sun haura 600,000 ke nan, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke yi, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa.

Abu na biyu shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a kan kogin Sakkwato a 1978. Tafkinta ya shanye fili mai faɗin hekta 8,000, ya tashi mutum wajen 13,000 daga gidajensu da gonakinsu. Rigimar biyan diyya ce ta kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980, aka yi asarar rayuka da dama.

Na uku, matsalar 'yan bindiga. Mutanen ƙauyuka, musamman na dazuzzukan iyakar Zamfara da Sakkwato, sun kwararo cikin gari neman mafaka. In masu nema suka fi ɗakunan yawa, ai dole haya ta hau.

Yanzu ga shawara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar izinin mallakar fili a karkara. Saboda haka kada ka sayi fili da baka kawai. A rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu, sannan a kai ƙaramar hukuma. Ka kuma sani, in gwamnati ta karɓi fili, dokar ta fi duba abin da ke kansa wajen diyya, wato gini da amfanin gona.

Sannan kada araha ta ja ka gini cikin fadama ko hanyar ruwa. In ginin ƙasa za ka yi, ɗaga tushensa, ka sa indararo tun kafin damina.

Da fatan Malam ya gamsu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.