Yadda Aƙidar Triniti Ta Kafu

Kiristocin farko sun gaji imani da Allah ɗaya daga Yahudawa, amma kuma suna yi wa Yesu sujada. Daidaita waɗannan biyun ya ci ƙarnuka. Wajen shekarar 318, wani limamin coci a Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Uba, wato Allah, ne ya halicci Ɗan, wato Yesu. Gardama ta kaure. Sarki Konstantin, wanda haɗin kan daularsa ya fi damunsa, ya tara bishof-bishof a Nikiya a 325. Suka zartar cewa zatin Uba da na Ɗa ɗaya ne, aka kori Ariyus. Duk da haka ƙura ba ta lafa ba, don sau biyar ana korar Atanasiyus, mai kare wannan hukunci, daga kujerarsa ta bishof. Taron Kustantiniya na 381 ne ya tabbatar da matsayin Ruhu Mai Tsarki tare da Uba da Ɗa, wato aƙidar Triniti.