Gani Ya Kori Ji: Finafinai, Kashe Kai da Zukatan Matasanmu



Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu malamai, masu unguwanni, iyaye mata, 'yan'uwana malaman makaranta, da masu sana'ar fim da suka daure suka zo duk da sun san yau da su za a yi, barkanku da zuwa. Batun da aka ɗora mini ba shi da daɗin faɗa. A garin nan idan yaro ya halaka kansa, akan ce ajali ne, a yi jana'iza, kowa ya kama bakinsa. Ina roƙon alfarma mu buɗe bakin na ɗan lokaci, domin akwai masu yi wa 'ya'yanmu magana a kan wannan batu kullum dare, kuma ba su nemi izininmu ba.

Lokacin da muke yara a cikin birni, talabijin ɗaya ce a layinmu, mai baƙi da fari, a gidan wani ɗan kasuwar Kurmi. Bayan isha'i ake fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur, mu cika tabarmi muna jiran wasan Samanja, daga baya kuma wasannin tashar CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa. In aka nuna abin da bai kamata ba, Hajiya uwargida ta yi gyaran murya ta ce, "Allah wadai." In aka nuna abin tsoro, ga yayarka kusa ka ƙanƙame. Duk abin da ya fito daga akwatin nan, da sharhin babba yake shiga kunnenmu. Yau yarinya 'yar shekara 15 za ta tsaya wurin mai tura finafinai a bakin titi, ya cika mata waya da fim mai dogon zango, na Hausa ko fassarar Indiya ko na Koriya. Ta shiga ɗaki, ta lulluɓa, ta toshe kunnuwa da abin sauraro har kiran assalatu. Abin da ta gani, ita kaɗai ta gan shi, ita kaɗai za ta yi masa fassara.

Wani zai ce fim ai wasa ne. Masana sun daɗe suna auna wannan magana. A 1774 marubucin Jamus, Goethe, ya fitar da labarin wani saurayi mai suna Werther da ya halaka kansa saboda soyayya, aka yi ta rahoton samari suna kwaikwayonsa. A 1974 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, David Phillips, ya nuna cewa adadin masu kashe kansu yakan ƙaru bayan jaridu sun yayata irin wannan mutuwa, ya laƙaba wa abin sunan Werther. A 1981 tashar ZDF ta Jamus ta nuna wasa mai kashi 6 a kan wani ɗalibi da ya kashe kansa, ana maimaita hoton mutuwar a farkon kowane kashi. Masu shirin sun yi ne da niyyar faɗakarwa. Amma binciken masana Schmidtke da Häfner ya gano cewa samari sa'o'in jarumin da suka mutu ta irin hanyar da aka nuna sun ƙaru sosai a makonnin da suka biyo baya, kuma da aka sake nuna wasan a 1982 abin ya sake tashi.

Na kusa da mu shi ne 13 Reasons Why, wanda Netflix ta saki ranar 31 ga Maris, 2017. Labarin wata ɗaliba ne da ta bar kaset-kaset tana lissafa waɗanda suka ɓata mata, sannan aka nuna mutuwarta dalla-dalla. Wani bincike da aka buga a 2019 ya samu ƙarin kusan kashi 29 cikin 100 na kashe kai a tsakanin yaran Amurka 'yan shekara 10 zuwa 17 a watan Afrilun 2017. Wasu masanan sun yi jayayya da lissafin, domin ba a iya rantsewa cewa fim ne ya kashe wane. Duk da haka, a Yulin 2019 Netflix da kanta ta yanke wannan fitowar.

Me fim yake koya wa zuciyar da ta riga ta raunana? Matashi yakan sa kansa a rigar jarumi, musamman in shekarunsu da damuwarsu sun zo ɗaya. Sai a nuna masa bayan mutuwar: uwa tana birgima, uba yana nadama, waɗanda suka zalunce shi sun sunkuyar da kai. Mai kallo yana ganin wannan duka, sai ya manta cewa mamacin bai ga komai ba. A haka mutuwa take zame masa hanyar a saurare shi. In kuma aka nuna yadda aka yi, an cire masa shinge na ƙarshe, domin tunanin nan yawanci kamar guguwa yake, yakan taso ya lafa in ba a sami abin aikatawa a kusa ba.

Mu dawo gida. Waɗanda suka yi zamanin silimar Plaza da Marhaba sun san finafinan Indiya irin Ek Duuje Ke Liye na 1981, inda masoya suka ƙare da halaka kansu, waƙa tana tashi. Mu ma muna da namu salon, kuma na fi jin tsoronsa. Kowa a nan ya taɓa ganinsa: uba ya kafe a kan auren dole, yarinya ta ce, "Wallahi zan kashe kaina," ta gwada, a kwashe ta zuwa asibiti, likita ya fito yana share gumi, uba ya fashe da kuka ya ce ya janye. Kashi na gaba biki ne. Marubucin yana ganin ya yaƙi auren dole, kuma niyyarsa kyakkyawa ce. Abin da yarinyar da ke cikin lulluɓi ta ɗauka shi ne: magana ba ta yi aiki ba, kuka bai yi ba, ƙanwar uba ba ta yi ba, wannan ne kaɗai ya yi. A fim likita yana isowa a kan lokaci domin darakta ne ya kira shi. A lungunanmu, inda mota ba ta shiga, kafin a sami adaidaita sahu an makara.

Ban zo in ce a daina taɓa batun ba. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a 1987, masana sun shawo kan 'yan jarida suka sauya yadda suke ba da irin wannan labari, nan da nan mace-macen da ake yi a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa suka ragu ƙwarai. A 2010 wani mai bincike a can, Thomas Niederkrotenthaler, ya nuna cewa labarin wanda ya shiga ƙunci ya fita da ransa yana da alaƙa da raguwar kashe kai. Ashe allon da ke turawa yana iya janyowa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, ta fitar wa masu shirya fim jagora a 2019: kada a nuna hanya, kada a ƙawata mutuwar, kada a rataya ta kan dalili guda, a nuna inda ake samun taimako. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana sa ido kan sutura da rawa. Ina roƙonta ta sa wannan ma a ma'auninta, ta zauna da likitocin ƙwaƙwalwa da marubutan shirye-shiryen Arewa24 da na YouTube.

Malamaina, ku gafarce ni. Haramcin kashe kai a fili yake a Suratun Nisa'i aya ta 29, kuma ayar da ambaton jin ƙan Allah ta rufe. Yaron da ciwon damuwa ya kama, in muka ce masa ba shi da tawakkali, mun ƙara masa kaya a kan kaya. Ciwo ne, yana da magani. A yi addu'a, a kuma kai shi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Sashe na 231 na dokar Final Kod ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, tsoron wannan kuwa yana sa iyali su ɓoye mara lafiya. Tunda an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ya kamata 'yan majalisarmu su duba wannan sashe.

Iyaye, ƙwace waya ba zai wadatar ba. Ku zauna ku kalli kashi ɗaya tare, ku ce, "Ke da ke ce, ya za ki yi?" Labarin zuciya a tambayi fuska: yaron da ya daina cin abinci, ya daina fita majalisa, ya fara rabar da kayansa, yana cewa ya zame wa kowa nauyi, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta shuka tunanin.

Na taɓa yin ta. Wani ɗalibina ya rufe insha'insa da cewa nan gaba kaɗan kowa zai huta da shi. Bayan an tashi na tsayar da shi a gindin darbejiya na tambaye shi, gabana yana faɗuwa. Ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "Malam, ya aka yi ka sani?" Muka sami kawunsa, aka kai shi asibiti, aka yi watanni ana fama. Yanzu yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre, bara ya aiko mini da katin ɗaurin aurensa. Masu fim, ga labari na ba ku kyauta, yana da kuka, yana da biki, kuma jarumin yana nan da ransa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya yaye wa masu damuwa damuwarsu.